Shamakin Mai Ba Da Labari

 

Yau za mu fara ne da tona wa kanmu asiri. A bara mun ɗauki wata huɗu muna sakin wani labari fitowa-fitowa a waya, kamar yadda da yawanmu muke yi. A fitowa ta 4 mun rubuta cewa mahaifiyar jarumar labarin ta rasu wajen haihuwarta. Da muka kai fitowa ta 27, sai ga jarumar nan ta zauna tana kuka, tana tuna yadda mahaifiyarta take yi mata kitso a ƙofar ɗaki. Mu da muka rubuta ba mu lura ba. Wata mai karatu ce ta turo mana hoton shafukan biyu a jere, ba ta ƙara komai ba sai tambaya guda: wace mahaifiyar ke nan? Ranar ko tuwon dare bai shiga ba.

Mun so mu kare kanmu. Mun yi tunanin mu ce ai kishiyar uwa muke nufi, ko mu ƙirƙiro wata inna da ta riƙe ta. Amma mun san gaskiya, mantawa muka yi. Tsakanin fitowa ta 4 da ta 27 akwai wata uku, akwai aikin gona, akwai rashin caji, akwai biki biyu a gidanmu a nan Kudan. Labarin duka a ka muka riƙe shi, shi kuwa kai ba rumbu ba ne.

Maganin wannan cuta ba a aji muka samo shi ba, ba kuma a taron ƙungiyarmu ta marubuta ba. A fim muka fara ganinsa. Wani abokin karatunmu na foliteknik a Zariya ya tura mana wani fim mai dogon zango na Amurka mai suna Stranger Things, wanda aka fara nunawa a 2016. A farkon fim ɗin yara huɗu suna zaune sun kewaye tebur. Uku sun zuba ido, na huɗun kuma ya fake a bayan wani kwali da aka tsayar a gabansa, yana ba su labarin wani dodo da ke tafe. Mu dai ba dodon ne ya tsaya mana a rai ba, kwalin ne. Me yake ɓoyewa? Me ya sa mai ba da labari zai sa shamaki tsakaninsa da masu sauraro? Muka bi diddigi, kuma abin da muka samu shi ne muka kawo muku yau.

Sunan wasan da yaran suke yi Dungeons & Dragons. Ba a buƙatar kwamfuta ko waya, ba a kuma sa kuɗi. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labari: wannan mayaƙi, wannan ɓarawo, wancan mai sihiri. Mutum ɗaya kuma shi ne jagora. Shi kaɗai ya san taswirar ƙasar, shi ke magana da bakin sarki da dodo da mai masauki. Zai ce, kun iso bakin wani kogo, kuna jin motsi a ciki, me za ku yi? Su faɗi abin da za su yi. In abin yana da haɗari, sai a jefa ɗan ludo don a ga ko an dace. Nasu 'ya'yan ludon iri-iri ne, har akwai mai fuska 20. Wato tatsuniya ce wadda masu sauraro suke da baki a cikinta.

Wannan kujera ta jagora ta girmi wasan. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya, tsohuwar daular nan ta Jamusawa, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa manyan sojojin ƙasarsu wani wasan koyon yaƙi a kan taswira da ake kira Kriegsspiel. Ɓangare biyu ne ke karawa, ba mai ganin shirin ɗan'uwansa, sai alƙali guda a tsakiya wanda yake ganin komai, yana gaya wa kowane ɓangare iya abin da dakarunsa za su iya hangowa. Daga irin waɗannan wasannin yaƙi ne wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da nasu. Kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ya buga shi a 1974, ƙananan littattafai uku a cikin akwati, bugun farko kwafi 1,000.

Jagoran wancan zamani yana da matsala biyu. Ta farko, ƙa'idojin wasan suna da yawa, a warwatse cikin littattafai. Ana tsakiyar faɗa da dodo, kowa zuciyarsa na bugawa, sai jagora ya tsaya yana buɗe shafi yana neman lamba, kafin ya samu wutar labarin ta mutu. Ta biyu, taswirarsa da bayanansa suna shimfiɗe a tebur, duk mai dogon wuya zai hango inda tarko yake. A 1977 wani ƙaramin kamfani mai suna Judges Guild, da ke garin Decatur a jihar Illinois, ya fitar da abin da ya kira Judge's Shield, wato garkuwar alƙali. Falle uku ne na kwali da mai saye zai haɗa da kansa ya tsayar, an cika su da jadawalin lambobi. Shi ne shamaki na farko da aka buga don sayarwa. A 1979 shi ma TSR ya fitar da nasa, da zanen wani mai zane Dave Trampier a fuskar da ke kallon 'yan wasa. Daga nan abin ya zama al'ada, kusan duk wasan da ya fito irin wannan sai an yi masa shamakinsa.

Da tafiya ta yi nisa shamakin ya canza kama. Na farko dogaye ne, jagora yakan ɓace a bayansu sai dai a ji murya. Na baya-bayan nan an rage musu tsawo an ƙara musu faɗi, don jagora ya riƙa ganin fuskokin mutanensa. Abin da ke rubuce a ciki ma ya canza. Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya fitar da wani a 2015 wanda har da jadawalin da zai taimaki jagora ya laƙaba wa baƙo suna da hali nan take, idan 'yan wasa suka tsayar da wani mutum a hanya wanda bai shirya masa ba. Yanzu kuma har akwai shamakin da ake sayarwa fanko, da aljihunan da kowa zai zura takardarsa, domin an gane cewa abin da wannan jagora yake mantawa ba shi wancan yake mantawa ba.

Ku lura da siffar abin nan da kyau, don a nan darasin yake. Fuska biyu gare shi. Wadda ke kallon jama'a hoto ne, dodo da takobi da wuta, abin da zai sa mutum ya shiga duniyar labari. Wadda ke kallon jagora kuwa ba ado, lissafi ne tsagwaronsa. Jama'a suna ganin mafarki, shi yana ganin lamba. In babu lambar nan, mafarkin rushewa zai yi.

Mu Hausawa ba mu yi kwali ba, amma mun daɗe da sanin shamaki. Kakar da ke yi mana tatsuniya da daddare ta san inda Gizo zai ƙare tun kafin ta buɗe baki, amma ba za ta faɗa ba sai an kai wurin. A kacici-kacici amsar tana cikin mai tambaya, in ka kasa sai ka ba da gari kafin a gaya maka. Kuma kowane yaro ya san doka guda ko da ba a taɓa faɗa masa ba: in ka canki amsa daidai, mai tambaya ya sauya ta don kada ya faɗi, to wasa ya tashi. A cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam ma, akun nan da ke jero wa Musa ɗan sarki labarai yana da manufar da Musa bai gani ba. Shi Musa labari yake ji, shi kuwa aku lokaci yake ja don kada yaron ya fita ya faɗa tarkon waziri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Gani ya kori ji, sai muka ce bari mu gwada. A wani hutun makaranta muka samo kwalin taliya muka yanka shi gida uku, muka ari ɗan ludo, muka tara ƙannenmu uku da 'yar maƙwabta a zaure bayan sallar isha'i. A bayan kwalin muka manna takarda: taswirar hanya, sunayen mutanen da za su haɗu da su, da ƙa'idar wasa. Labarin mai sauƙi ne. An aike su kai abinci gona, dare ya yi musu a tsakiyar gonar rake, ga kura tana bin sawunsu. Muka yi alkawari a gabansu cewa mu za mu jefa wa kura ɗan ludo a bayan kwali, in 5 ko 6 ta fito ta kama mutum, in ƙasa da haka ce ya tsira.

Ba mu taɓa ganin yara sun nutsu kamar daren nan ba. Duk sa'ad da suka ji ƙarar ɗan ludo a bayan kwali sai zauren ya yi tsit. Abin da ba su gani ba shi ne ya riƙe su. A nan muka gane cewa ɓoyewa ba rowa ba ce, kyauta ce ake yi wa mai sauraro.

Sai aka zo kan autanmu, ɗan shekara bakwai, wanda ya zaɓi ya zama maharbi mai kare. Ya tsaya baya don ya tare wa sauran. Muka jefa, 6 ta fito. Muka ɗaga kai muka ga idonsa ya kawo ruwa tun kafin mu yi magana. Sai muka ce 2 ce, kura ta yi tuntuɓe. Ashe ƙanwarmu ta miƙe tana gyara fitila, ta hango komai. Ta ce, "Yaya, wallahi shida ce." Muka ce ta zauna, ba ta gani da kyau ba. Ta zauna, amma wasan bai sake zama ba. Daga nan duk ramin da muka ambata sai su faɗa ciki suna dariya, suna cewa, "Ai Yaya na nan, ba abin da zai ci mu." Kafin ƙarfe goma kowa ya watse. Mun ceci maharbi, mun kashe kura, kuma kurar nan ita ce labarin.

Daga baya muka ga ashe masu wannan wasa sun daɗe suna muhawara a kan haka. Wasu suna ganin jagora yana da damar ya taushe lamba a ɓoye in hakan zai gyara labari, kuma littattafan ƙa'idar wasan ma sun ba shi wannan dama. Wasu kuwa sun ture shamakin gaba ɗaya, suna jefa ɗan ludo a fili kowa na gani, don kada a zarge su. Ba mu isa mu raba musu gardama ba. Amma daren nan ya tuna mana da laifinmu na biyu a cikin labarin bara, wanda ya fi na kitso muni duk da cewa ba wanda ya kama mu.

A labarin akwai ƙanen jaruma mai ciwon sikila. Tun daga fitowa ta 10 muke gina rasuwarsa, domin ita ce za ta tilasta wa jarumar ta tsaya da ƙafarta. Da masu karatu suka hango inda muka dosa, sai roƙo ya yi yawa. Wasu har da rantsuwa cewa in ya mutu sun daina karantawa. Muka tsorata. Sai muka jefo wani kawu attajiri daga sama, wanda ba a taɓa jin sunansa ba cikin fitowa talatin, ya ɗauki yaron ya kai shi asibiti ƙasar waje. Aka yi ta yi mana godiya da addu'a. Amma da muka fara sabon labari, muka sa jaruminsa cikin haɗari, sai wata ta rubuto mana cewa hankalinta kwance yake, ta san ba ma kashe mutum. Yabo take nufi. Mu kuwa muryar ƙannenmu muka ji a zaure.

To, ga abin da muka ɗauka daga kwalin nan, kuma muke aiki da shi yanzu.

Na ɗaya, ka yi wa labarinka shamaki kafin ka saki fitowa ta farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Falle ɗaya ya isa, in ya yi yawa ba za ka duba shi ba. Namu muna manna shi a bango daidai inda muke zama. A ciki akwai sunan kowa da shekarunsa a ranar da labari ya fara, wa ya haifi wa, wa ke raye wa ya rasu, da fitowar da muka faɗi hakan. Akwai kalandar labari: yaushe damina ta sauka, yaushe aka shiga azumi, cikin wance wata nawa ne. Akwai nisan wurare, don kada mutum ya bar Kudan a ƙafa bayan magariba ya yi isha'i a cikin birnin Zariya. Akwai kuma abin da zamanin labarin ya mallaka. In labarinka a 1998 yake, jarumarka ba za ta kira saurayinta a wayar hannu daga ƙauye ba, don sai a 2001 layukan GSM suka fara aiki a Najeriya. Ba kuma za a miƙa mata takardar naira 1,000 ba, don sai a 2005 aka fitar da ita. Sannan mun koyi dabarar shamakin 2015: muna ajiye sunaye goma na maza da goma na mata a gefe, don in baƙo ya faɗo cikin labari kada mu sa masa sunan da muka riga muka ba direba. Kowa ya san inda ɗakinsa yake yoyo, sai ya rubuta abin da shi yake mantawa.

Na biyu, fuskar lissafi taka ce, kada ka juya ta ga mai karatu. A nan da yawanmu muke faɗuwa, mu ma mun faɗi. Ana fitowa ta 2 sai a tsayar da labari cak, a sa kan magana, wane ne Alhaji wane, a jero matansa huɗu da 'ya'yansa goma sha tara da makarantar da kowa ya yi. Wannan takardar ai ta bango ce, ba ta mai karatu ba. Ka san dukkan 'ya'yan nan, amma ka bari mu haɗu da su ɗaya bayan ɗaya lokacin da labari ya buƙace su. Ka tuna yaran zaure, ƙarar ɗan ludon da ba su gani ba ita ta hana su motsi.

Na uku, kuma shi ne babba, shamaki amana ne. An yarda ka ɓoye ne bisa sharaɗin cewa abin da ke bayansa gaskiya ne. Wannan ba yana nufin ka toshe kunne ba. Jagora nagari yana kallon fuskokin mutanensa, shi ya sa ma aka rage tsawon kwalin. In ka ga masu karatu sun ƙaunaci wata ƙaramar jaruma, ƙara mata fili. In sun gaji da wani sashe, gajarta shi. Abin da ba ka riga ka faɗa ba naka ne, juya shi yadda ka so. Amma abin da ka riga ka kafa ya zama alkawari. In ka ce uwa ta rasu, ta rasu. In ka shafe fitowa ashirin kana nuna cewa gidan nan ba su da mai taimako, kada ka haifo kawu a daren da kake jin tsoron masu karatu. In kana son ceto ya zo, shuka shi tun da wuri, ka ambaci kawun a fitowa ta 3 ko da a jimla ɗaya, ka rubuta shi a bango, ka jira. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a labari ma haka yake.

Mun san akwai masu cewa su ba sa iya tsara komai, alƙalami ne ke jan su. Ba mu musa ba, mu ma sau da yawa sai mun fara muke gane inda za mu. Amma shamakin ba ya hana wannan. Ba a ce ka rubuta ƙarshen labari a kansa ba. Abin da aka ce, duk abin da ka riga ka gaya wa mutane, rubuta shi inda idonka zai gan shi. Minti biyar ne bayan kowace fitowa.

Game da waccan mai karatu, mun ba ta amsa bayan kwana biyu. Mun ce kuskurenmu ne, muka gyara fitowa ta 27, muka sanar da kowa. Ba mu rasa ko mutum ɗaya ba saboda haka. Yaran kuma mun sake tara su a hutun da ya biyo baya. Kafin a fara, ƙanwarmu ta kafa sharaɗi cewa duk jifan da ya shafi rai sai an ɗaga kwali kowa ya gani. Muka yarda. A daren ita kura ta kama, ta yi fushi, ta ce gobe sai an sake. Aka yi kwana biyar ana yi.

Aikin wannan mako ga mai so: ɗauki labarin da kake kai yanzu, ka koma fitowa ta farko da biro a hannu, ka fitar da falle ɗaya na duk abin da ka riga ka yi alkawari. In ka ci karo da uwar da ta dawo yin kitso, kada ka ji kunya, ba kai ne farau ba.

Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su zama masu riƙon amana. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu.